Na'ibi a Kan Jan Babur

A cikin abubuwan da suka same ni a rayuwa akwai guda ɗaya da na tabbata zan shiga kabari da shi ban manta ba, shi ne maganar jan babur. Shekaru sun ja, gemuna da yake da sauran baƙi a lokacin yanzu ya yi fari fat, amma duk sanda na tuna yammacin da aka tara dattawan ƙauyenmu a zauren mai unguwa saboda abin hawana, sai in ji kamar jiya aka yi.

Ƙauyenmu yana arewa da Kano, ba nisa da Bici. Irin ƙauyukan nan ne da gonar wannan take jingine da ta wancan, in ka yi atishawa a tsakar gidanka maƙwabci ya ji ya yi maka addu'a. Ni manomi ne, ina kuma karantar da magidanta littattafan addini a zaurena bayan asuba da bayan la'asar. A lokacin ina da shekara hamsin da 'yan kai, kuma ni ne na'ibin limamin masallacinmu. Liman tsufa ya kama shi, idonsa ya yi rauni, sau da yawa ni nake jan salla. Kowa ya ɗauka idan ta Allah ta kasance ni zan gaje shi. Wanda ya fi kowa ɗaukar haka shi ne yayana. Kakanmu ya taɓa yin limancin garin, da ya rasu abin ya bar gidanmu, yayana kuwa ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya ga limanci ya dawo gida kafin ya mutu.

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, kuma ban taɓa musa masa ba. Shi ya zaɓi malamin da na yi karatu a wurinsa, shi ya nuna filin da na gina gida a gefen gari, har babur ɗin da nake hawa shi ya zaɓa mini ranar da aka ba ni na'ibanci. Wani baƙi ne dogo mai ƙasa-ƙasa, kujerarsa da faɗi kamar ta ɗakin amarya, kansa ya lanƙwaso baya kamar ƙahon saniya. Zama za ka yi ka miƙe ƙafa gaba ka jingina, babbar riga ta baje ta ko'ina, rawani bai motsa ba. Ƙararsa ma a hankali take fita, dum-dum, kamar ana daka a bayan gari. Yayana ya ce, "Wannan shi ne abin hawan malamai." Na ce to. Ba zan ci amanar babur ɗin nan ba, ya yi mini hidima shekara da shekaru. Nauyi ne da shi dai, in ya shiga rairayi sai ka sauka ka tura kana haki, amma ban taɓa tunanin canza shi ba, don ban san akwai abin da nake rasawa ba.

Wata rana ƙarshen damina giyarsa ta soma sarƙewa, na lallaɓa na kai shi wurin bakanikena a Bici. Ya kwance ya duba, ya ce abin da ya lalace sai an nemo a Kano, ba zai samu a ranar ba. Na ce to ni da me zan koma gida, ga azahar tana tafe, Liman ba shi da lafiya. Ya waiga cikin garejin, babu komai mai tafiya sai wani jan babur da ya saya ya gyara yana neman mai saye. Irin na samarin birni ne, gabansa da tsini, bayansa a ɗage, tankinsa ya tashi kamar tozo.

Ya yi dariya ya ce, "Allah gafarta Malam, sai dai wancan, in za ka iya."

Da wasa ya faɗa. Ni ma da wasa na ce, "Ba taya biyu gare shi ba?"

Ya ce, "Biyu ne, amma ba ya son a yi masa tsawa. Kulocin a hankali za ka sake shi. Kuma rawanin nan sai an ajiye, ga hular kwano."

Na warware rawani na naɗe na sa a jaka, na tattare babbar riga na cusa ta ƙarƙashin cinya, na hau. Sau biyu yana mutuwa a hannuna kafin in fita daga garejin, masu sayar da rake na gefen titi suna kallona suna ƙunshe dariya. Zaman ma daban ne, ba jingina, sai ka sunkuya gaba ka rungumi tanki da gwiwa. Na ce a raina wannan ai azaba ce, Allah ya kai ni gida lafiya in mayar masa da kayansa.

Da na fita daga gari na hau kwalta, hanya ta miƙe, gero a dama gero a hagu ya yi kai ya sunkuya, sai na ɗan murɗa totur. Abin da ya faru daga nan har yau ban sami kalmar da zan faɗe shi da ita daidai ba. Tsohon babur ɗina roƙonsa nake yi ya tafi. Wannan kuwa kafin in gama nufin abu ya riga ya yi. In na karkata kafaɗa ya karkata, in na ɗago ya ɗago. Iska tana dukan ƙirjina, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa ta ƙarƙashin hular, sai kawai na ji wani yana dariya, ashe ni ne. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun muna yara muna tsere a kan jakuna. Da na zo mararrabar da zan sauka zuwa ƙauyenmu na duba rana na ga da sauran lokaci, sai na zarce. Har wajen madatsar ruwa ta Watari na je, na tsaya a bakin ruwa ina kallon masu gyaran fadama, sannan na juyo. Na riski azahar a kan lokacinta.

Mai ɗakina tana shanya kuɓewa a tsakar gida na shigo da shi. Ta miƙe ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, na wa ka ɗauko?"

"Aro ne, nawa yana gareji."

Ta ce, "To, Allah ya sa aron ne. Fuskarka dai ba ta mai niyyar mayarwa ba ce."

Na mayar. Da aka gama gyaran nawa na kai masa jansa na karɓi baƙina na dawo gida dum-dum. Amma zuciyata ta tsaya a garejin nan. Na yi ta yi wa kaina faɗa, ina cewa kai da jikoki, kai da ake kawo wa rabon gado da ɗaurin aure, me ya haɗa ka da wannan. Na duba abin ta fuskar karatun da na sani, ban ga inda ya saɓa ba. Na yi istihara, zuciyata ba ta sauya ba. Da kaka ta yi, na kai wakena kasuwar Dawanau na sayar, sai na wuce Bici kai tsaye. Muka yi musaya da bakanike, na bar masa baƙin na cika masa abin da ya rage. Shi da kansa sai da ya ce, "Malam, ka yi shawara da gida kuwa?" Na ce masa na yi shawara da wanda zai hau.

A rayuwata wannan ne karo na farko da na yi wani babban abu ban tambayi yayana ba.

Kafin mako ya zagayo, babu gidan da ba a yi zancena ba. Gidana yana gefen gari, don haka a kan babur nake zuwa masallaci. Sai in zo in kafe shi a gindin darbejiya, in cire hular kwano, in fito da rawani in naɗa a madubinsa, in shiga in ja salla. Samari suna zagaye shi suna shafawa. Dattawa kuwa in na yi sallama sai su amsa a taƙaice suna kallon gefe. Na soma jin maganganu ta bayan fage. Wani ya ce girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Wani ya ce na'ibi guda yana kwanciya a kan babur kamar ƙadangare a kan katanga. Aka ce hawan jini ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa, aka ce aure nake nema a birni. Wasu daga cikin magidantan da suke ɗaukar karatu a wurina suka daina zuwa, zauren da yake cika ya koma rabi.

Kamar abin bai isa ba, sai na faɗi. Kuma ba a daji na faɗi ba, a gaban majalisar dattawa ta bakin kasuwa. Akuya ce ta gifta, na damƙe birkin gaba da ƙarfi irin yadda na saba yi wa tsohon, shi kuwa wannan ba ya jiran a maimaita masa. Tayar gaba ta zame a rairayi, na tafi ƙasa, riga ta rufe mini kai. Ban ji ciwo ba in ban da gwiwa da ta ɗaye. Mutane suka taso suna sannu, amma ina jin daɗin da ke cikin wasu sannun. Wani Alhaji mai fataucin hatsi, wanda bakinsa ya fi na kowa a garin, ya ce, "Malam, wannan gargaɗi ne. A tura shi gida, a nemo maka jaki ma ya fi." Na kakkaɓe rigata, na ɗaga babur, na ce masa na gode, amma da ƙafarsa zai je. Na hau na tayar na wuce.

Washegari da hantsi yayana ya zo. Bai shiga ciki ba, a zaure ya zauna, ya ƙi taɓa ruwan da aka kawo masa.

Ya ce, "Kai, me na yi maka?"

Na ce, "Yaya, ba ka yi mini komai ba sai alheri."

"To don me za ka kwance mini zani a kasuwa? Abin da muka daɗe muna jira ya zo bakin ƙofa, Liman yau lafiya gobe babu, sai yanzu za ka hau abin 'yan iska? Dattawa sun kai maganar wurin mai unguwa, jibi bayan la'asar za a zauna. Na riga na yi tunani. Za ka ce na ɗanka ne da yake karatu a kwaleji, kai ajiya ya ba ka kana ɗan taɓawa. Daga nan a kai masa can Bici, a nemo maka irin na da, magana ta mutu."

Na ce, "Yaya, ba nasa ba ne."

"Na sani. Wa ya tambaye ka gaskiyar? Su ma ba gaskiya suke nema ba, hanyar fita suke nema."

Na yi shiru. Shi kuwa ya saba shiruna amincewa ne, don haka ya tashi ya tafi hankalinsa kwance.

Da yamma na je gaida Liman. Yana kishingiɗe a kan buzu a ƙofar ɗakinsa, da jin sallamata ya gane ni. Bayan mun gaisa ya ce, "An ce ka sayi abin da yake tashi sama."

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ƙasa yake tafiya."

Ya yi murmushi ya ce, "Ni dai ban san inda aka haramta ja ba, ban kuma san inda aka wajabta baƙi ba. In don ni ne, hau abinka. Amma ba zan ruɗe ka ba. Mutanen nan na fi ka saninsu. Liman suke so wanda in sun dube shi za su ga kakanninsu. Ba za su bar ka da biyun ba, sai ka zaɓa."

Na ce, "In Malam ne fa?"

Ya ce, "Ni ba a taɓa ba ni zaɓi ba, don haka ban sani ba."

Wannan maganar ta zauna mini a rai fiye da duk faɗan da aka yi mini.

Ranar zaman, a kan jan babur ɗin na je. Na san da na taka da ƙafa da an ɗauka alamar ladabi ce, amma na ga in na ɓoye shi ranar da ake shari'arsa, to na riga na amsa laifi. Na kafe shi a ƙofar zauren mai unguwa na shiga. Zauren ya cika, dattawa sun jeru a kan tabarmi, yayana yana kusa da mai unguwa, Alhajin nan mai hatsi yana gefe yana jan carbi. Aka yi addu'a. Mai unguwa mutum ne mai sanyin hali, ya daɗe yana kewaye, yana yabon karatuna da zamana da jama'a, kafin ya ce mutane sun ɗan sami damuwa game da abin hawan da aka ga ina hawa.

Alhaji bai jira ya ƙarasa ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a faɗi magana yadda take. Irin babur ɗin nan a birni masu fizgen waya ne suke hawansa. Baƙi suna zuwa garin nan ɗaurin aure, a ce musu ga na'ibinmu can ya taho a kife, bayansa a sama? Da wane ido za mu dube su?"

Aka yi ta gyaɗa kai. Sai yayana ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, a yi haƙuri, rashin fahimta ne. Babur ɗin ba nasa ba ne, na ɗansa ne na kwaleji. Ajiya ce, kuma cikin makon nan za a mayar masa."

Na ga yadda zauren ya sauke numfashi. Mai unguwa har ya soma murmushi yana cewa, "To ai shi ke nan, dama mun san Malam." Wani ya ɗaga hannu zai shafa fatiha. Babu wanda ya nemi in ce komai. Abin da ake bukata daga gare ni kawai in ci gaba da kallon tabarma, a shafa, a tashi, limanci ya dawo gidanmu. Na dubi yayana, ya tsufa, ya rame, ya yi ƙarya a gaban sa'o'insa saboda ni. Ban taɓa ƙaryata shi ko a ɗaki ba, balle a bainar jama'a.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da fatihar."

Aka juyo.

"Yaya ya faɗi abin da ya faɗa ne don ya rufa mini asiri, kamar yadda ya saba tun ina yaro, Allah ya saka masa. Amma babur nawa ne. Da waken gonata na saye shi, ba wanda ya ba ni ajiya, kuma ba likita ne ya ce in hau ba. Na hau na ji ina so, na saya."

Yayana ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba har aka tashi.

Na ci gaba, don na san in na tsaya ba zan iya komawa ba. Na ce, "Ina da tambaya. Tun da na saye shi, akwai sallar da na makara? Akwai wanda na buge wa yaro ko kaza? Akwai gawar da aka jira ni, ko ɗaurin auren da na ƙi zuwa? In akwai a faɗa, in ba da haƙuri. In kuma akwai wanda ya san inda addini ya hana, ga ni, ɗalibi ne ni, a karantar da ni, yau ɗin nan zan rabu da shi."

Ba wanda ya amsa sai Alhaji. Ya ce, "Ba wanda ya ce haramun ne. Zubar da mutunci ne."

Na ce, "Alhaji, yanzun nan a gabanka aka faɗi abin da yawancinku kun san ba haka yake ba, kuka ce a shafa fatiha. Wato kun yarda in tsaya a gabanku in ja ku salla da ƙarya a bakina, amma ba ku yarda in ja ku da jan babur a gindin darbejiya ba. To ni a karatun da aka koya mini, na farkon ne yake zubar da mutunci."

Wani dattijo ya ce in yi a hankali, da manya nake magana. Na ba shi haƙuri, don gaskiyarsa ce, muryata ta ɗan tashi. Mai unguwa ya yi ƙoƙarin gyarawa, ya ce ko zan riƙa hawansa zuwa gona da kasuwa kawai, in na tashi zuwa masallaci in taka da ƙafa. Na ce masa na gode, amma abin da zan ji kunyar zuwa da shi ƙofar masallaci bai kamata in kai shi ko'ina ba, wannan kuwa ba na jin kunyarsa.

Daga nan na faɗi abin da na kwana biyu ina juyawa a raina. Na ce malamai sun karhanta mutum ya ja mutanen da ba sa son limancinsa, ni kuma ba zan sa kowa ya tsaya a bayana zuciyarsa tana ƙuna ba. Na ajiye na'ibanci, su zaɓi wanda hankalinsu ya kwanta da shi, ni zan bi shi salla. Na yi musu sallama na fito. Ina tsaye a ƙofar zauren na warware rawani a gabansu, na sa hular kwano, na tayar da babur. A hankali na tafi, ko totur ban murɗa ba.

Da magariba wani daga cikin tsofaffin ɗalibaina aka tura gaba. Na tsaya a sahun farko daidai bayansa. Karatunsa yana ɗan rawa don ya san ina nan, da aka idar na miƙa masa hannu na ce ya yi kyau.

A gida mai ɗakina ta riga ta ji, don labari a ƙauye ya fi kowane babur gudu. Ta ajiye mini tuwo ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba, na so a kira ni matar liman. Kuma ni ce zan shiga gidajen suna da biki ana nuna ni da baki." Na ce na sani, ta yafe mini. Ta ce, "Ban ce ka yi laifi ba. Cewa na yi da ciwo." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma kar ka taɓa cewa in hau bayan abin nan, kujerar ko kaza ba za ta zauna ba." Kuma har yau ba ta hau ba, in za ta unguwa mota take shiga.

Ba zan ce abin bai yi mini ciwo ba. Bayan wani lokaci Liman ya rasu, aka naɗa ɗalibin nan nawa. Ina wurin aka naɗa masa rawani, na yi masa addu'a da zuciya ɗaya, amma da na koma gida na daɗe a zaure ni kaɗai. Limancin bai dame ni sosai ba, don da na bincika raina na tarar ban taɓa kwaɗayinsa ba. Yayana ne ya dame ni. Ya daina zuwa gidana. In na je gaishe shi yana amsawa, in na kai masa hatsi da kaka yana karɓa, amma hirar da muke yi da ta ƙare.

Mutanen gari kuwa, kafin wata damina ta zagayo sun sami wani abin magana. Ɗaliban da suka gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce komai, ni ma ban tambaya ba. Rabon gado da sulhun ma'aurata ba su daina zuwa zaurena ba. Alhajin nan da kansa, da rikicin iyakar gona ya haɗa shi da ɗan'uwansa, ni ya aiko a kira, kuma a kan jan babur na je.

Da ciwon ajali ya kwantar da yayana ina zuwa wurinsa kullum. Wata safiya ya ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofa, na shiga na zauna a bakin gadonsa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Har yanzu kana hawan abin nan?"

Na ce, "Ina hawa, Yaya."

Ya ce, "Taurin kan Baba ne da kai, ban san yana jikinka ba." Ya kama hannuna ya riƙe. "Allah ya shirye ka."

Na ce, "Amin, mu duka."

Bai ce ya yafe maganar zaure ba, ni ma ban ce na yi nadama ba, don da na faɗa da na yi masa ƙarya a kan gadon mutuwa. Amma bai saki hannuna ba sai da barci ya ɗauke shi.

Yanzu gwiwoyina sun soma ƙi, tafiya mai nisa ta gagare ni, sai gona da masallaci da kasuwa. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, mutane za su iya tsorata ka da bakinsu har ka bar abin da Allah bai hana ka ba, alhali su zancen na 'yan kwanaki ne a wurinsu, kai kuwa da abin da ka yarda da shi za ka zauna har ƙarshen ranka. Na kuma gane cewa tsayawa a kan gaskiya tana da tsada, kuma ba kai kaɗai kake biya ba, har da waɗanda suke ƙaunarka, don haka kar mutum ya yi ta da girman kai. Amma duk girman da ba zai zauna maka ba sai ka tokare shi da ƙarya, gara ka sauke shi da hannunka ka miƙa wa masu shi, ka tafi gida ka yi barcinka.